Jan Kaske a Kan Hular da Na Ɗinka

Idan aka ta da gardamar kaske a gabana, wato hular kwano ta masu babur, ana cewa mai tsada ya fi kare kai ko kuwa duk ɗaya ne da mai arha, ba na jiran a ba ni izini kafin in sa baki. Ina da ta cewa. Ni na taɓa sayen kasken da ya fi kowane tsada a kasuwar Tasawa na ba mijina, kuma saura kaɗan kyautar tawa ta sa ni takaba.

Ni ƴar littafi ce tun ina lakwal, wato makarantar boko. Akwai wata rumfa kusa da tasha inda ake ba da hayar littattafan soyayya masu zuwa daga Najeriya, waɗanda bangonsu ya sha hannu har ya yi laushi kamar tsumma. A can na koyi cewa so ba ya cika sai da kyauta, kyauta kuma ba ta cika sai an ɓoye ta har lokacin da za a miƙa ta. Ban yar da wannan karatu ba har yau. Wuri ɗaya kawai na gyara a cikinsa.

Mijina malamin dabbobi ne. Shi ke bin ƙauyuka yana yi wa shanu da awaki allura, yawanci ta wajen Hawandawaki, inda mota ba ta son zuwa saboda rairayi. Kowa Malam yake ce masa, ni ma haka nake kiransa. Kafin aurenmu na ɗinka masa hula da hannuna. Wata huɗu na yi a kanta, shuɗi da ruwan toka, da wani ɗan fure ja a gefe wanda ba mai lura da shi sai an nuna masa. Ranar da na ba shi ya juya ta, ya sake juyawa, sannan ya ce, "To, ni da wata hula kuma mun rabu." Bai faɗa don daɗin baki ba. In ta yi dauɗa aka wanke, zama yake a gida har ta bushe.

Babur ɗinsa ya zo da kaske, baƙi, irin wanda ake haɗa wa mutum ranar saye. Ba shi da kyan gani ko kaɗan, kuma yana kama kai kam, ba ya barin wurin komai. Kafin Malam ya sa shi sai ya cire hulata, ya ninke ta, ya tura cikin aljihun gaban riga. A nan wahalar take. A ƙauyukanmu babban mutum ba ya tsayawa gaban dattawa kai ba hula, kuma ba ya gaishe su fuskarsa na cikin kwano. Saboda haka duk garin da ya isa, inda tsofaffi ke zaune gindin itacen bedi, sai ya tsaya, ya kashe babur, ya kwance maɗaurin haɓa, ya cire kaske, ya zaro hula, ya miƙar da ita a kan gwiwa, ya sa, sannan ya yi sallama. In an gama tambayar gida da daji da lafiyar bisashe, ya sake bin wannan hanya baya-baya. Gari biyar, gari shida a yini. Ba ya dawowa sai bayan la'asar sakaliya, ga gajiya, ga ƙorafi.

Ƙorafinsa na ɓata lokaci ne. Nawa daban. Ni abin da ke ci mini rai shi ne karyewar da hular ta fara yi a tsakiya, daidai ta kan furen nan. Kuma in faɗi gaskiya, duk sa'ad da ya fita da baƙin kasken nan sai in ga bai yi kama da mutumin da nake gani a zuciyata ba. A littattafai masoyi in zai fita, unguwa ce ke leƙowa.

Ina da rago da nake turkawa tun bayan Layya. Na sa aka kai shi kasuwa ba tare da Malam ya san dalili ba, na ce masa dai ina da hidima. Washegari na tafi shagon wani Alhaji mai sayar da kayan babur. Ga kaskuna nan rataye a igiya kamar ƙoren tallan nono, amma ni sama na duba. A can kan kanta, cikin kwalinsa, akwai wani ja mai sheƙi, mai gilashi da ake ɗagawa a sauke.

Na ce, "Alhaji, wanda ya fi kowane tsada nake so."

Ya ce, "Ɗiyata, wa za ya sa?"

"Maigidana."

"To, ina kan nashi?"

"Yana wuyanshi, Alhaji. Sun tahi aiki tare."

Ya yi dariya har ya dafa kanta. Ya sauko da jan, ya ce iri biyu ne, akwai madaidaici akwai babba. Ya ce, "Ki zo da shi ya gwada. Wanga abu kamar takalmi yake, ba a saye wa mutum shi da ido."

Na ce, "Kado ne, kyautar ba-zata. In ya gani tun yanzu ai ya lalace."

Na sa hannu cikin babban. Laushi kamar matashin amarya, ga ƙamshin sabon abu. Nan take dabarar ta zo mini, har na ji daɗin kaina. In na ɗauki babban, Malam zai sa shi a kan hula. Ba ninkewa, ba karyewa. In ya iso gari ya ɗaga kaske kawai, ga hularsa a kai. Na ce babban nake so.

Alhaji ya ce, "Wanga ko rawani gare shi ai ya shiga." Ya sake cewa in kawo mutumin. Na ce na ji, na ɗauki kwalina. Ba zan ɗora wa bawan Allahn nan komai ba, sau biyu ya faɗa mini.

A hanya na biya ta garejin yayana da ke bakin gudro, wato hanyar kwalta, inda yake gyaran babura. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. So nake ya yaba. Ya goge hannu da tsumma, ya ɗauki kasken, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya danna cikinsa, ya ja maɗaurin da ƙarfi.

Ya ce, "Wanga kaske ne na gaske, auta. Ba a cuce ki ba. Sai dai ba na mijinki ba ne."

"Na wa ne?"

"Na wani mai kai. Kan Malam ai ɗan mitsitsi ne. In ya sa wanga, sai ya juya ya dubi baya kasken na kallon gaba."

Na ce da hula zai sa. Ya maimaita, "Da hula," ya dube ni yadda yake dubana tun ina ƙarama in na zo da wani zance daga littafi. Raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, kai da kanka kamar tulu, mi ka sani game da kan mutane masu tsari?" Tun muna yara da girman kansa ake tsokanarsa, shi kuwa ba ya fushi. Ya mayar da kasken cikin kwali ya ce, "Ki dai ce ya riƙa ɗaurewa."

Na naɗe kwalin cikin sabon zane, na fesa turare, na ajiye kan tabarma inda Malam ke zama in ya dawo. Ba zan manta fuskarsa ba. Ya buɗe, ya dube ni, ya dubi turken ragon da ba kowa, ya gane. Ya ce, "Madam, ashe hidimar ke nan." Madam yake ce mini in yana cikin jin daɗi. Ya ɗora kasken a kan hula, ya shige salin-alin. Ya je ya duba kansa a madubin babur. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ga hula zaune daram. Ya mayar, ya sake ɗagawa, yana dariya kamar an ba yaro abin wasa. Wannan yammacin ya yi daidai da duk abin da na taɓa karantawa, kuma ba na jin kunyar cewa har yanzu ina jin daɗin tuna shi.

Maɗaurin kuwa, ya gwada shi sau ɗaya. Ko ya ja shi har ƙarshe kasken na motsi, kuma in zai tsaya kwancewa a kowane gari ai an koma gidan jiya. Sai ya bar shi. Kullum da safe ina tsaye bakin zaure ina ganin igiyar nan tana lilo a gefen wuyansa in ya ja babur. Maganar Yaya ta faɗo mini sau ɗaya ko biyu. Ban faɗa ba. Igiyar ma kyau take yi mini, iska na kaɗa ta.

Dabarar ta yi aiki, shi ne abin da ya ruɗe mu. Malam ya koma dawowa kafin la'asar. Hula ta daina karyewa. Makiyaya suka sa masa suna mai jan kai, in sun hango ja a cikin gonaki sai su fara tara shanu. Matan unguwa suna tambayata inda na samo shi. Muka yi damina guda a haka.

Da kaka ta yi, ƙanwarsa ta haihu a garinsu, can gaba da Attantane, muka shirya zuwa suna mu biyu a kan babur. Da za mu fita ya ciro tsohon baƙin kasken daga ƙusar da yake rataye, ya kakkaɓe shi, ya ce in sa. Na ce zai ɓata mini ɗaurin ɗankwali. Ya ce a sake ɗaurawa in mun isa. Na kwance ɗaurin, na bar ɗan kallabi mara kauri, ya danna mini kasken har kunnuwana suka ninke. Ya kama maɗaurin ya ja.

Na ce, "Malam, ka shaƙe ni."

Ya sa yatsa ƙarƙashin haɓata ya gwada, ya ƙara ja kaɗan. Ya ce, "Kan da ya ƙirƙiro jan kaske ba na wasa da shi." Sannan ya ɗora nasa a kan hula, igiya na lilo, muka kama hanya.

Tafiya ce mai daɗi. An gama yankan gero, dammuna jingine a gonaki, amalanke na wucewa da harawar wake har ba a ganin mai tuƙi. Muka wuce Mayahi rana ba ta yi zafi ba, muka saki babbar hanya muka shiga ta rairayi. A wani ɗan gari muka tarar da dattawa zaune. Malam ya tsaya, ya ɗaga kaske da hannu ɗaya ya rataye a madubi, ya yi gaisuwa da hularsa tsaf. Wani tsoho ya ce, "Kai, wagga dabara ta yi." Malam ya nuna ni da haɓa ya ce ta mai ɗakinsa ce. Na sunkuyar da kai cikin baƙin kwanona, zuciyata fari fat.

Ba mu yi nisa da garin ba hanya ta gangara wani kwari inda ruwan damina ya bi ya bar ƙasa ta ƙanƙare. Ba gudu muke ba, wannan zan iya rantsuwa a kai. Tayar gaba ta nutse cikin rairayi a bakin gangaren, ta ci karo da kututturen kalgo da ke binne, babur ya tsaya cak, mu kuwa ba mu tsaya ba. Abin da na fara gani shi ne jan kasken ya tashi sama shi kaɗai, ya riga mu. Sai gefen kaina ya daki ƙasa, na ji ƙara kamar an taka ƙwarya.

Na tashi zaune. Gwiwata ta kuje, hannuna na zafi, amma na san inda nake, na san ko wace ce ni. Malam na kwance a gefe guda bai motsa ba. Hular ta faɗi kusa da kafaɗarsa, jini na bin bayan kunnensa yana shiga wuyan riga. Can gaba kuwa jan kasken na ta gangarawa a hankali har ya tsaya jikin karan gero, gilashinsa ko tsagewa bai yi ba.

Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunansa ba. Ranar na kira shi, da ƙarfi, sau uku, a tsakiyar daji. Bai amsa ba.

A littattafai a nan ne mace ke suma. Ni ban suma ba, ban ma yi kuka ba sai daga baya. Na yage gefen mayafina na danna inda jinin ke fita. Wasu mata biyu masu roron wake suka taho da gudu, ɗaya ta koma tana kiran wani mutum da ke loda harawa a amalanken shanu. Mutumin nan bai tambayi ko mu su wane ne ba. Ya ture rabin kayansa ƙasa, muka kwantar da Malam a kan sauran, na hau na ɗora kansa a cinyata. Ɗaya daga cikin matan ta tsinto hula da jan kasken ta ajiye mini a gefe. Shanun suna tafiya yadda suka saba, ni kuwa ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, ba abin da nake roƙo sai kada ya tsaya.

A likitar da ta fi kusa, wani ɗan asibitin karkara, muka sami majo, wato babbar mai jinya, wata mace mai ɗan shekaru, mai hannu da sauri da magana kaɗan. Tana cikin ɗinke wurin ya buɗe ido, ya yi amai, ya tambaye ni ko an ba ragona ruwa. Majo ta ce a wuce da shi babbar likita a ɗauki hoton kan, ba ta yarda da wannan tambayar rago ba. Kafin mota ta zo ta dube ni ta ce, "Madam, ke kuma cire naki in gani." Sai a lokacin na tuna har yanzu baƙin kasken na kaina. Ta kwance mini. Kasken ya tsage daga gefen kunne har kusan tsakiya. Ta latsa kaina ko'ina, ta haska idona, ba ta sami komai ba.

Ta ɗauki jan ta juya shi. "Wanga fa?"

Na ce, "Nashi ne."

"Ya ɗaure?"

Na girgiza kai.

Ta ce, "To bai sa kaske ba. Ɗauko shi ya yi a ka, kamar mai talla."

Allah ya taƙaita. Hoto ya nuna ƙashi bai fashe ba. Ya yi kwanaki a kwance, ya yi makonni yana jin jiri in ya miƙe da sauri, kuma har yau bai tuna komai tsakanin gaisuwar dattawan nan da farkawarsa ba. Sunan da muka tafi, sai labarinsa muka ji.

Da muka dawo Tasawa gida ya cika da masu barka da arziki. Kaskunan biyu suna zaure, kowa ya shigo sai ya ɗauka ya duba. Nan fa aka yanke hukunci. Wani maƙwabcinmu ɗan kasuwa ya ce ai ga shi a fili, mai arha ya ceci mai shi, mai tsada ya gudu ya bar nasa, kayan tsada duk yaudara ce. Wani ya ce a bar zancen, abin da Allah ya rubuta ba kwanon da zai tare shi. Ina daga ciki ina zuba kunu ina jin su. Ba wanda ya ce laifina ne. Na fi so da sun faɗa.

Yaya ya zo ana cikin haka. Bai ce mini "na gaya maki" ba, kuma wannan na riƙe masa shi har gobe. Ya gaishe da Malam, ya zauna, ya zaro wuƙa daga aljihu ya farke cikin baƙin. Ƙarƙashin ƙyallen akwai wani farin abu mara nauyi, irin wanda ake tarar da sabon rediyo a cikinsa. Kaurinsa bai wuce yatsa ba, kuma inda kaina ya daki ƙasa ya lotse ya zama kamar faifai. Ya ɗaga ƙyallen cikin jan ba tare da ya yanka ba, ya nuna musu nasa, kauri kusan biyun wancan, ga tauri.

Ya ce, "Wanga farin abu shi ke shan dukan, ba fenti ba. Baƙin ya yi aikinshi don yana nan inda aka sa shi, kuma ba gudu suke ba. Da kan gudro ne da gudu, ni na fi son kaina cikin jan. Amma sai in nawa ne, kuma na ɗaure."

Maƙwabcin ya ce, "To, ka ga mai arha ma ya isa."

Yaya ya ce, "Wane mai arhan? Akwai wanda in ka leƙa cikinshi ba komi sai roba da igiya. Wannan na idon jandarma ne, ba na kai ba. Kuɗi na sayen kauri da maɗauri mai ƙarfi, har zuwa wani wuri. Daga nan kuma kyau kake saye." Ya jefa baƙin gefe ya ce kada wanda ya sake sa shi, ya gama nasa.

Ni wannan bayani ya zauna mini, domin da kaina aka gwada rabinsa, da kan mijina aka gwada sauran. Amma fahimta a zaure daban, safiyar komawa aiki daban.

Ranar da Malam zai koma ƙauyuka ya yi wanka, ya sa hular. Na riga na wanke jinin, na gyara inda zare ya tsinke. Ya miƙa hannu ya ɗauko jan kasken ya ɗora a kai. Da ya ga yadda nake kallonsa sai ya ce, "Zan ɗaure, Madam. Kin gani." Ya ja maɗaurin har ƙarshe ya maƙala.

Na zaga bayansa, na sa hannu ɗaya a ƙeyar kasken na tura sama. Ya zame gaba ya rufe masa ido, na ƙara turawa ya fita fit, maɗaurin a maƙale, ya bar shi da hula a karkace. Hannu ɗaya, hannun mace. Na ce ya cire hular mu gwada. Ba hula ma abin ya fi muni.

Ya ce, "Sai in sa tsumma a ciki."

Na ce, "Ba za ka sa ba."

"Kyautarki ce. Ragonki ne fa. Mi mutane za su ce, na yar da abin da matata ta ba ni don na faɗi sau ɗaya?"

Na zare makullin babur na ƙulle a bakin zanena. Bai taɓa ganin na yi haka ba, ni ma ban taɓa gani ba. Ya ce makiyaya na jiransa. Na ce sun jira wata guda, su ƙara yini. Ya ce to gaisuwa fa, a koma tsayawa kowane gari ana ninke hula kamar wasiƙa? Ya san inda zai taɓa ni ke nan. Na dubi furen nan ja, na tuna wata huɗun da na yi ina soka allura ina tunaninsa. Na ce, "A ninke ta. In ta karye in ɗinka wata. Na riƙe kanka a cinyata cikin amalanke, Malam, ba na son ƙari."

Ya mayar da hular kansa. Sannan ya ce, "Aka ce kin kira sunana."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

"Mai amalanke. Ya ce har garinsu an ji."

Na ce in yana so ya sake ji, ya bi wata hanyar ba wannan ba. Ya yi dariya, ya dafe inda aka ɗinke don dariyar na ja masa wurin. Muka tafi kasuwa a ƙasa.

Alhaji na ganinmu ya ce, "Yau kin zo da kan." Malam ya ji nauyin cire hula a tsakiyar kasuwa, ga tabo a bayan kunne inda gashi bai gama fitowa ba. Alhaji ya ja shi cikin shago ya juya masa baya ga hanya. Ya gwada huɗu. Kowane ya sa sai in ce ya girgiza kai, in leƙa cikin in danna farin abin nan da babban yatsa, in zaga baya in tura. Alhaji ya ce da zan yarda da ya ɗauke ni aiki. Madaidaicin jan, ɗan'uwan nawa, na so ƙwarai ya dace, amma yana danna masa goshi yana barin gefe. Wanda ya zauna masa daidai wani fari ne, ba ado, ba shi ne na sama ba kuma ba ya cikin na igiya. Ya kama kumatunsa har bakinsa ya ɗan turo. Na tura da hannu biyu bai motsa ba. Ni ma aka gwada mini nawa, shi ma fari.

Jan kuwa, Yaya ya zo da yamma ya ɗauka yana cewa bari ya gani. Ya danna shi a kai, ya shige da ƙyar, ya zauna kamar don shi aka ƙera. Na tura ta baya har na gaji. Ya ce, "Auta, ashe tun farko ni kika saya wa. Tulun ya yi rana." Ya tafi da shi, shi ya ɗauke mana nauyin fararen biyu.

Na ɗinka wa hular ƴar jaka mai kwali a ciki, wadda Malam ke ratayawa a ƙirji ƙarƙashin riga, don ta kwanta ba tare da ta karye sosai ba. Tana karyewa dai kaɗan. Ya koma tsayawa a bakin kowane gari, ya kashe babur, ya kwance, ya cire, ya zaro, ya sa. Ya koma dawowa bayan la'asar sakaliya, da ƙorafinsa. Makiyaya sun daina ce masa mai jan kai.

Wani lokaci Yaya kan wuce ta ƙofar gidanmu, jan nan na walƙiya a rana, kuma har yanzu sai na bi shi da kallo, domin kyau kam yana da shi. Farin ba ya sa kowa leƙowa. Da safe in Malam ya hau babur ba ya tayarwa sai ya juyo ya ɗaga haɓa. Ni kuma in bar abin da nake yi, in zo in sa yatsa ƙarƙashin maɗaurin, in ƙara ja kaɗan.

"Madam, kin shaƙe ni."

"Na sani. A dawo lafiya."